Ɗan Dako da Zaren Yawu

A can wani zamani, ƙarƙashin harshen wata tsohuwa, akwai wani ɗan mitsitsin gari da ake kira ƙwayar halitta. Sana'ar garin ɗaya ce, yin furotin ɗin da ke sa yawu santsi. Masaƙi ya saƙa zaren furotin ɗin, Baba ya ninke, Gwaggo ta shafa sukarin da ke ba shi santsi ta ƙulle a jaka, ɗan dako ya kai ƙofar gari a zuba waje.

Shi kuwa ɗan dako, kullum ya iso sai ya bugi ƙirji ya ce wa mai gadi, "Ni na saƙa, ni na ninke, ni na ƙulle!"

Ran nan tsohuwa ta cika baki da ƙuli-ƙuli, ya tsaya mata a maƙogwaro. Gari ya girgiza da tari. Mai gadi ya ƙwala ihu, "Yawu! A kawo yawu!"

Ɗan dako ya tarar da layi wajen Gwaggo. Ya ce a ransa, me Gwaggon nan ke yi banda ɓata lokaci? Ya fizge zare daga hannun Baba, ya sheƙa ƙofa.

Mai gadi ya murza zaren, ya ji shi ƙamas. Tari sai ƙaruwa yake.

"Ina sukarin?"

"Wane sukari?"

Allah ya taimaka, wani ɗan dako daban ya iso da jakar Gwaggo. Aka zuba, ƙuli-ƙuli ya wuce.

Mai gadi ya juyo ya dubi ɗan dakon farko. "To, Malam mai ƙullewa, duk shekarun nan kana ƙullewa, ba ka taɓa ganin sukari ba?"