Gidan Da Ba Ya Kallon Teku

"Ba zan je ba, Anani. Don Allah ka daina nuna min hotunan nan."

Ya sauke wayar a hankali yana kallona. A ƙofar gidanmu muke tsaye a unguwar Akpakpa ta Cotonou, masu zem, wato 'yan acaɓa, sai wucewa suke da fasinjojinsu suna watso mana ruwan da ya kwanta a titi.

"Fifa, ko kallo ba ki yi ba fa! Dubi nan... bene ne, ga wurin ninƙaya, kina buɗe taga ga teku a gabanki. Yayata Davi Kayi ta sha wuya kafin ta samo shi. Kin san yadda gidajen haya ke ƙarewa a Grand-Popo lokacin bikin Nonvitcha."

Na sani. Duk shekara danginsu ke komawa garinsu bikin, kuma tun da teku ta cinye tsohon gidan kakansu, gida suke kamawa na mako guda, su yi girkinsu su sha iska. Bana mahaifiyarsa ta ce a zo da ni. Babu wanda bai san ma'anar hakan ba.

"Papa fa?" na tambaye shi.

"Ai na ce miki da shi za mu tafi!"

"Da shi? To gaya min, gidan yana da katanga?"

"Ina jin... zai kasance da ita."

"Ƙofar waje tana kulluwa ta ciki? Akwai ɗakin kwana a ƙasa? Wurin ninƙayar an kewaye shi? Madafin yana da ƙofa, ko kuwa tukunyar gas tana nan a fili kowa ya murɗa?"

Ya koma kan hotunan yana dubawa.

"Ka gani ko? Kai hutu kake hangowa, ni kuwa gawar ubana nake hangowa a bakin ruwa!"

Mahaifina, Papa Célestin, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Tun bayan rasuwar Maman ciwon mantuwa ya kama shi. Kullum da safe sai ya ɗora hularsa ya ce tasha zai tafi, jirgi na jiransa. Yayana yana Gabon, ni kaɗai ce a kansa, sai wata maƙwabciya da ke zama da shi in na tafi koyarwa. Wanda ya fara nemana kafin Anani, ranar da Papa ya kira shi ɓarawo ya jefe shi da takalmi, ban ƙara ganin ƙeyarsa ba.

"Ka je ka yi bikinka," na ce ina share hawaye. "Ka samu wadda za ta iya ɗaukar jaka kawai ta bi ka. Ni ba haka nake ba, kuma ba zan taɓa zama haka ba."

"Fifamè..."

"Ka tafi!"

Ya juya ya tare zem ya hau. Ko waiwaye bai yi ba.

Kwanaki suka wuce babu kira, babu saƙo. Na ce wa zuciyata shi ke nan, wannan ma ya bi sahun wancan. Ina tuƙa wa Papa tuwon masara ina kuka, shi kuwa yana zaune yana tambayata ko Maman ta dawo daga kasuwa.

Ranar Asabar da hantsi wayata ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne. Da ƙyar na ɗauka.

Iska ce ta fara cika min kunne, sannan fuskarsa ta bayyana, duk gumi.

"Kada ki kashe, ƙaunata. Ki duba kawai."

Ya juya wayar. Gidan nan ne na cikin hotuna. Ya nuna min matakalar bene, ba ta da abin riƙewa. Ya nuna min wurin ninƙaya, a buɗe, dab da ƙofar falo. Sannan ya zaga baya. Katangar gidan ta gaba ce kawai. Ta baya kuwa 'yar ƙofar itace ce da igiya, yana tura ta da ƙafa sai ga yashi, sai ga igiyar ruwa tana dukan gaɓa kamar za ta shigo.

Na dafe ƙirji.

"Gaskiyarki," ya ce. "Da na biya kafin alƙalami kan hotuna, da na yi kuskuren da ba zan yafe wa kaina ba. Tun jiya nake yawo. Zo ki ga wani."

Bayan ɗan lokaci ya sake kira. Wannan karon wani tsohon gida ne a can cikin gari, fentinsa duk ya koɗe, ga bishiyar mangwaro a tsakar gida. Babu bene. Katanga ta fi Anani tsawo ta kowane ɓangare, sai da ya bi ta da wayar kusurwa zuwa kusurwa.

"Yanzu ki tambaya, ni ne ƙafafunki."

"Ƙofar... ja sakatar in gani."

Ya ja. Ƙarfe ne mai nauyi, kuma a sama take.

"Banɗakin fa? Yana da santsi?"

Sai ga Anani, da farin wandonsa, ya zuba ruwa a ƙasa, ya cire takalmi yana goga ƙafa. Ya buɗe kowane famfo. Ya sa hannu cikin firji ya ji sanyinsa saboda maganin Papa. Ya gwada makullin madafi, ya shinshina tiyon gas, ya ƙirga tukwane da faranti. Ya tambayi abin da ake yi in an ɗauke wuta, da inda asibiti mafi kusa yake, da lambar da za a kira in famfo ya lalace.

Mai gidan, wata dattijuwa mai ƙiba, tana biye da shi hannu a ƙugu. Can ta leƙo fuskarta cikin wayar.

"'Yata, wannan mijin naki ɗan sanda ne? Tun da nake ba da haya ban taɓa ganin wanda ya leƙa ƙarƙashin gado ba!"

"Ba mijina ba ne, Tanti," na ce ina dariya da hawaye a haɗe.

"To ki yi sauri, kafin in ba shi ƙanwata!"

Davi Kayi ba ta ji daɗi ba, kuma ba ta ɓoye ba. Ita ce babbar yayarsa, ita ke tsara komai na gidansu. Ranar da muka isa, ta tsaya a tsakar gida ta zare gilashinta tana ƙare wa wurin kallo.

"Wai nan ne? Mun baro Cotonou don mu zo mu kalli mangwaro? Ko ƙarar teku ba a ji!"

"Dalilin ke nan, Davi," in ji Anani.

"Hmm. Tun ba a yi aure ba an fara juya mu."

Na sunkuyar da kai. Maman Ablawa, mahaifiyarsu, ta matso kusa. Ta kalli Papa da ke riƙe da hannuna gam, ta ce a ba shi ɗakin da ke kusa da nawa, sannan ta ɗaura zani ta shiga madafi.

Kwanakin farko sun zo da sauƙi. Da safe a sayo kifi wajen masunta, mu soya da ayaba, Maman Ablawa ta yi amiwo, jan tuwon masara, da kaza, ƙamshi ya cika gida. Masu son teku su tafi, ni in zauna da Papa a ƙarƙashin mangwaro. Duk da haka ban saki jiki ba. Ko ya zubar da abinci, ko ya tambayi abu ɗaya sau goma, sai in saci kallon fuskokinsu ina jiran ranar da za su gaji.

Safiyar bikin kowa ya tashi da hidima. Maman Ablawa ta fito da ankon shekarar, sai ga riga har da ta Papa, ɗinkin daidai jikinsa. Na sa masa, na zaunar da shi da kofin shayi, na shiga wanka da sauri.

Ina fitowa na ga kujerar wayam. Kofin yana ƙasa. Ƙofar waje a buɗe.

"Papa! Papa!!"

Anani ya fito da gudu babu riga. "Wa ya buɗe ƙofa?"

Davi Kayi tana tsaye da kwandon burodi a hannu. Fuskarta ta sauya.

"Ni ce... burodi kawai na karɓo a bakin titi, na manta ban ja sakatar ba. Wayyo Allah!"

Ban tsaya ji ba. Na fita da zanin wanka, ƙafa ba takalmi. Titi ya cika maƙil, kuma kowa anko ɗaya ne a jikinsa, maza da mata, tsofaffi da yara. Duk dattijon da na hango sai in ce Papa ne, in na riƙo shi ya juyo sai in ga baƙuwar fuska. Ga ganguna, ga masu busa, ko muryata ba na ji.

Anani ya nufi hanyar teku a guje. Ni na bi ta kasuwa ina kiran sunansa har maƙogwarona ya bushe. Abu ɗaya ke min yawo a kai: ruwan garin nan ko ƙwararren masunci yana tsoronsa.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba kafin wayar wani ɗan'uwan Anani da ke biye da ni ta yi ƙara.

"An gan shi! Ki dawo gida!"

Daga nesa na hango su suna tafe a hankali. Papa ne, hularsa a kai, ya saƙalo hannun Davi Kayi. Takalminta mai tsini yana ɗaya hannun, kwalliyarta duk ta zubo da hawaye.

"A kan hanyar teku na same shi," ta ce. "Ya gaji ya zauna a kan wani dakali, bai kai ba, da sauran tafiya. Ya ce jirgi yake jira. Na ja shi ya ƙi tashi, sai na ce masa ni fasinja ce na ɓata, ya taimaka ya raka ni gida. Nan take ya miƙe. Duk hanya yana ce min kada in ji tsoro, yana tare da ni..."

Ta fashe da kuka ta rungume ni.

"Fifa, da a gidan da na zaɓa ne, da yanzu wani zance ake yi. Ki yafe min, ƙanwata."

Anani ya iso yana haki, ƙafafunsa duk yashi. Na kalle shi kawai, na kama hannunsa na ɗora a goshina.

Da muka shiga gida na wanke wa Papa ƙafa, sannan na je na durƙusa gaban Maman Ablawa.

"Maman, kun ga yadda rayuwata take. Na ɓata muku biki. Ba zan iya barinsa ba, kuma ba zan ɗora wa ɗanku wannan nauyin ba. Gara in faɗa yanzu."

Ta ɗago haɓata.

"Ke yarinya, kin ɗauka makaho na haifa? Da ya dawo daga duba gidajen nan, ce min ya yi, 'Maman, gidan da zan kama mana a Cotonou ma sai mai katanga da ɗaki a ƙasa.' Na ce to, yanzu ka isa aure. Macen da ta riƙe ubanta haka, ita nake so ta riƙe ni in nawa tsufan ya zo. Tashi ki sa ankonki."

Ina cikin share fuska sai muryar Papa ta taso daga ƙarƙashin mangwaro. Anani yake nunawa da yatsa.

"Kai, saurayi! Wane ne kai da kake riƙe hannun 'yata?"

Anani kuwa ya ƙarasa ya durƙusa har ƙasa.

"Papa, sunana Anani. Fifamè nake so. Aurenta nake nema."

Papa ya gyara hularsa, ya murtuke fuska irin ta da.

"Haka ake neman aure a garinku? Je ka zo da manyanka!"

"Ga su nan, Papa."

Ya waiwaya. Ga Maman Ablawa, ga kawunnai biyu, ga Davi Kayi, duk cikin kaya iri ɗaya da nasa, sun taso sun jeru a gabansa. Babban kawun ya cire hula ya yi gaisuwa yadda ake yi, ya faɗi abin da ya kawo su. Papa ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya kalle ni, kallon da na daɗe ban gani ba, na wanda ya san ni.

"Fifa, kina son sa?"

"Ina son sa, Papa."

"To na ba shi. Amma kada ya sa ki kuka."

Davi Kayi ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

An ɗaura aurenmu kafin ƙarshen shekarar, Papa yana ɗakin da ke kusa da namu. Bai riƙe waccan ranar ba. Har yanzu wani lokaci in muna karin kumallo sai ya ajiye cokali ya tsare mijina da ido, ya ce, "Kai, saurayi, wane ne kai?"

Anani kuwa sai ya ture farantinsa, ya durƙusa, ya sake neman aurena. Papa bai taɓa hana shi ba.