Tauraron Gefen Wata

Ranar da Safa ta fara ganin Mu'az, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Babur ɗinsa ne ya mace daidai ƙofar gidansu a Dutse, ya turo shi cikin zauren da mahaifinta, Malam Abdulwahab, yake karantar da magidanta. Aka aike ta da shayi. Ta tarar da wani dogon Bafulatani ya jiƙe sharkaf, fayil ɗin ofis kuwa ya cusa shi cikin riga kamar jariri. Ya karɓi kofin da hannu biyu ya ce, "Sori, na jiƙa muku tabarma." Tun la'asar ruwa ya ɗauke, amma bai tafi ba sai da aka yi magariba. Washegari ya dawo, wai karatu yake so ya fara.

Wannan ranar take ta juyawa a ranta yanzu, tana takure a ɗakin amarci a ƙauyensu Mu'az da ke bayan Aujara. Kwananta biyu a gidan, ko loma biyar ba ta yi ba.

Ranar Juma'a da yamma aka kawo ta. Motar amarya na tsayawa, mata na guɗa, sai aka ji ihu daga wajen garke. Shanu uku ne suka zube, ciki ya kumbura, baki na kumfa. Biyu aka samu aka yanka, ɗayar ta riga wuƙa. Nan take guɗa ta koma salati.

Baffa Hussaini, mahaifin Mu'az, shi ya fita kiwo ranar. Mu'az ɗan farinsa ne, ko sunansa ba ya faɗa, balle ya zauna ana kiɗan bikinsa. Don haka ya sallami samarin gidan su je su sha biki, ya ɗauki sandarsa ya kora shanun shi kaɗai. Da abin ya faru, samarin suka yi ta ƙus-ƙus cewa wannan mutuwa ta yi kama da ta gyauro, wato tohon da dawa ke sake yi bayan an yanke ta, wanda in saniya ta ci ba ta kwana. Amma Baffa ya ce, "Inda na saba kai su, nan na kai su." Wa ya isa ya ce mutumin da ya shekara hamsin a bayan saniya bai san gyauro ba?

Sai magana ta koma hannun Goggo Zuwaira, yayar Baffa, wadda ta riƙe Mu'az tun rasuwar mahaifiyarsa. Ita kuwa ba ta iya raɗa ba.

"Ƙafa dai, ƙafa! Wata ta shigo da arziki, wata ta shigo da wuƙar yanka. Ni dai ban kama suna ba."

Safa tana jin ta ta katanga. Ta san abin da ake nufi: farar ƙafa, macen da in ta taka gida, dukiya ta watse, mai gida ya bi bayanta. Har ta fara satar kallon tafin ƙafarta, ta kuma yi istigfari.

Ana idar da sallar magariba ranar Lahadi, Mu'az ya shigo, ya tarar da kwanon tuwo a rufe.

"Haba Safa! Yau ma? Filis, ki ci ko kaɗan ne."

Ya miƙa mata kwanon, hannunsa ya taɓa nata. Ta zabura.

"Yaya, jikinka da zafi!"

"Gajiyar biki ce kawai. Na sha magani."

"Tun yaushe?"

"Tun rana. Ke, mene ne haka? Ji yadda kike rawa!"

Ba ta kai ga amsawa ba muryar Goggo ta tsaga gidan.

"La'ilaha illallahu! Ku fito! Ku fito ku ga abin da nake faɗa!"

Kowa ya yo tsakar gida. Safa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta raɓe a bayan mijinta. Daren sha huɗu ne ga wata. Watan ya taso daga bayan ɗorawar gabas, cikakke, jajir kamar faifan da aka rina. A gefensa na dama, ɗan ƙasa kaɗan, ga wani tauraro fari fat, ƙato, ya fi duk wanda ta taɓa gani. Hasken wata ya haɗiye sauran taurari, shi kaɗai ya ƙi ɓuya.

"Ku dube shi da kyau," in ji Goggo. "Kowane tauraro na ƙifta ido, wannan ba ya ƙiftawa. Kallon gida yake yi! Rabona da ganinsa a ƙofar wata tun shekarar da na yi takaba."

Wata mata ta fara jan "Innalillahi," ta janye 'ya'yanta ɗaki.

"Goggo, don Allah," in ji Mu'az, "wannan fa duniya ce irin tamu, Jufita ake ce mata. A sakandare muka karanta. Hanyarta take bi, ba ruwanta da..."

"Rufe min baki da bokonka! Jufitar ce ta kashe shanu uku?"

Safa ta san sunan tauraron ita ma. Mushtari ne, ta sha jin mahaifinta yana faɗa wa ɗalibai, yana ƙarawa da cewa rana da wata da taurari ayoyin Allah ne, ba sa motsi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ta haddace wannan tun tana ƙarama. Amma ga zafin jikin Mu'az tana jin sa ta cikin rigarsa, ga kuma wannan ido fari a sama ya ƙi ƙiftawa. Karatu na kanta, tsoro na ƙirjinta, kuma ƙirjin ya fi ƙarfi. Ta sunkuyar da kai, don surukinta ake kira.

"Hussaini! Fito ka gani da idonka, kada a ce tsohuwa ce ta ruɗe!"

Duk gidan sama suke kallo. Safa kaɗai ce kunya ta sa idonta yake ƙasa, shi ya sa ita kaɗai ta ga yadda Baffa ya fito. Ƙafarsa ta laluba dokin ƙofa sau biyu kafin ta tsallaka. Ya tako a hankali, yana bin muryar Goggo.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi," in ji Baffa. Ya ɗaga sanda ya nuna.

Safa ta bi tsinin sandar ta ƙasan mayafi. Hagun wata ya nuna, can sama, inda babu komai sai fili. Ta saci kallon fuskarsa. Hasken wata ya faɗa cikin idanunsa, ta ga wata farar yana ta lulluɓe baƙin kamar nono a kan ruwa.

Mutumin da bai ga wannan tauraron ba, ina zai ga tohon gyauro a cikin ciyawa?

"To kun ji," in ji Goggo. "An fara da shanu, ba zan zauna a kai ga mutum ba. Gobe da sassafe a mai da yarinyar nan gidan ubanta har abin nan ya wuce. Hussaini, ko kana da magana?"

Baffa ya daɗe a tsaye. Sannan ya juya ya koma ɗaki.

Kowa ya san amaryar da aka mayar kwana uku da kawowa ba ta cika dawowa ba, kuma sunan da za ta tafi da shi ba ya wankuwa. Suna shiga ɗaki Mu'az ya fara safa da marwa.

"Wallahi ba inda za ki! In tafiya ce, mu tafi Dutse tare, gidana na haya na nan. Sai dai su ce na yi rashin kunya."

"A'a, Yaya. Ka bi maganar manya."

Ya tsaya cak. "Me kika ce? Safa, ke ma kin yarda da wannan camfin? Ke, 'yar Malam?"

Maganar ta zo mata har leɓe. Kalma biyar kacal, ta wanke kanta. Amma sai ta hango tsohon nan a tsakiyar 'ya'yansa da jikokinsa, an karɓe masa sanda, ana cewa makanta ta sa ya kashe shanunsa ya kuma yi ƙarya, kuma daga bakin surukar kwana biyu maganar ta fito. In ta yi shiru, aurenta ya tafi. In ta yi magana, mutuncin uban mijinta ya zube. Tsoron ɗazu na tauraro ne. Wannan ya fi shi nauyi. Ta fashe da kuka.

"Ka yi haƙuri, Yaya. Ka yi haƙuri kawai."

Gari ya waye zazzaɓin Mu'az ya sauka, amma Goggo ta ce ai don an yanke shawarar tafiya ne. Aka ɗaure akwatin Safa a bayan babur. Kafin ta fita, ta dama fura, ta je yin sallama da Baffa kamar yadda ya kamata. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe shi. Maimakon ta ajiye ƙwaryar a gabansa ta ja da baya, sai ta matsa da ita dab da hannunsa na dama, ta ɗan ƙwanƙwasa gefenta da ludayi, ta juya masa mariƙin ludayin ya taɓa yatsunsa.

Baffa bai motsa ba. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "'Yar Malam."

"Na'am, Baffa."

"Wa ya koya miki ajiye wa mai ido ƙwarya haka?"

Ta janye hannunta daga ƙwaryar.

"Jiya kin gani ke nan."

Hawaye suka zubo mata.

"Kin faɗa wa yaron nan?"

"A'a, Baffa."

"Kuma tafiya za ki yi da bakinki a rufe? Ki ɗauki sunan da ba naki ba, don kada a yi wa tsoho dariya?" "Kai, Hussaini, ka ji kunya! Kama hannuna, 'yata. Fitar da ni."

A tsakar gida ya sa aka tara kowa. Ya tsaya riƙe da hannun surukarsa, abin da ba a taɓa gani ba a gidan.

"Yaya Zuwaira, ki saurara. Jiya na ce miki na ga tauraro. Ƙarya na yi. Watan ma kansa kamar fitila a bayan zane na gan shi. Shekara biyu ke nan idona na tafiya, ina ɓoyewa. Ranar Juma'a ni na kora shanu cikin gonar da aka yanke wa dawa, ban sani ba sai da na ji ganyen a ƙafata. Gyauro ne ya kashe su. Ni na kashe su. Na ji ana ɗora wa yarinyar nan, girman kai ya ɗaure min baki. Ita kuwa ta gane tun jiya, ta zaɓi aurenta ya mutu da ta tona min asiri."

Goggo ta dafe ƙirji.

"Hussaini... ba ka gani? To tauraron fa? Shekarar takabata..."

"Yaya, tun ina saurayi nake kwana da tauraron nan a daji. Duk shekara yana zuwa. Ya zo shekarar takabarki, ya zo shekarar da kika yi Hajji, ya zo shekarar da garkenmu ya kai ɗari. Na baƙin cikin kaɗai kika riƙe."

Goggo ta zube a kan turmi tana kuka. "Wayyo ni Zuwaira! Na ci naman baiwar Allah! Zo nan, 'yar nan, zo ki yafe min. Kai kuma Mu'az, tsaye kake kamar soro? Kwance akwatin nan!"

Mu'az ya ce gobe-goben nan zai nemi izini a ofis ya kai Baffa asibitin ido a Kano, don ya ji ana cire irin wannan yanar.

Haka camfi yake: ya bar gyauro a gona ya tafi sama neman mai laifi, ya dawo ya faɗa kan wanda ba shi da baki. Wanda kuwa ya rufa wa wani asiri, Allah ba ya barin nasa a buɗe.

Da suka koma ɗaki, Mu'az ya ajiye akwatin, bai yi murmushi ba.

"Kin rufa wa Baffa asiri, Allah Ya saka miki. Amma ni fa? Na kwana ina tsammanin kin gaji da ni ne. Da bai yi magana ba, shi ke nan, kin tafi kin bar ni cikin duhu?"

Safa ta sunkuyar da kai. Tun da suka haɗu, shi ke magana ita tana murmushi, ko "ina son ka" ba ta taɓa iya furtawa ba. Yau kam ta ɗago ta dube shi ido cikin ido.

"Na yi kuskure, Yaya. Tsoro ne ya rufe min baki. Amma ka ji, Allah ne shaidata: daga yau duk abin da ya tsorata ni, kai za ka fara ji. Kuma ba zan ƙara ɗaura akwati in bar ka ba, ko sama ce za ta faɗo. Na yi maka alkawari."