Ramin Da Bahijja Ta Toshe

Ranar da abin ya fara, babu wata alama a sararin Kazaure da za ta sa mutum ya ɗaga kai. La'asar ta yi sanyi, inuwar dutsen da gidan Alhaji Jalalu ya jingina da shi ta miƙe har ta rufe rabin tsakar gida. Hajiya Tasalla tana tuƙa tuwo, maigidan kuwa yana can bayan ɗakuna, tsugune gaban motarsa, inda ya tare tun da ya ajiye aikin gwamnati.

Motar tsohuwar Fijo ce ta mahaifinsa, wadda marigayin ya sha zirga-zirga da ita tsakanin Roni da Kazaure zamanin yana aiki a gidan hakimi. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru a yashe. Tsatsa ta cinye ƙofofinta da murfin injin, har kaji suka mai da ita akurki. Dangi suka ce a sayar wa 'yan gwangwan a huta, Jalalu ya ce sai dai a fara sayar da shi. A wurinsa motar nan ita ce abin da ya rage masa na ubansa, kuma ya rantse sai ta sake taka hanyar Roni.

Da ya rasa inda zai sami ƙofofin irinta, sai ya ce zai ƙera da kansa. Ya koyi aikin faiba, irin wadda ake yi wa jikin babur, a wurin wani mai gyara a Kano, ya ƙarasa sauran da kallon waya. Zai cike ramukan tsohuwar ƙofa, ya goge ta da kaki, ya ɗauki siffarta a mazubi. Sannan ya shimfiɗa zaren gilashi a cikin mazubin, fari sol kamar auduga, ya bi shi da ruwan gam yana dannawa da burushi. In ya bushe ya ɓamɓaro, sai ga ƙofa sak ta asali, amma mace ma za ta ɗaga ta da hannu ɗaya. A haka ya sauya wa motar jiki gaɓa-gaɓa, yana jibge tsohon ƙarfen a gefe.

Sai dai gam ɗin nan yana da hali. Da zarar an ɗiga masa maganin daskarewa, ba ya jiran kowa, a zafin Kazaure kuwa kafin ka shafe rabi ya kama. Wannan ya sa Jalalu ya mai da aikinsa bayan la'asar, daga nan ya yi ta zamewa har ya kai almuru. Tasalla ta yi magana ba sau ɗaya ba. Ta ce lokacin da ake kiran yara su shigo, a rufe tukwane, ba lokacin dame-dame ba ne a gindin dutse. Ya yi dariya ya ce aljanun garin nan 'yan gargajiya ne, ba su san faiba ba. Mutum ne mai kirki, amma in ya sa abu a ransa, kunnuwansa ado ne kawai.

A yammacin nan ƙofar ƙarshe yake zubawa. Autarsu Bahijja, wadda ta zo hutu daga makarantar koyon aikin jinya, ita ke riƙe masa kofin gam. Don gaggawar ya gama kafin duhu, hannunsa ya zarce wajen ɗiga maganin. Ragowar da ke cikin kofin ta ɗauki zafi, ta fara hayaƙi, robar kofin ta soma lanƙwashewa a hannun yarinyar. Ya ce mata ta maza ta zubar kafin ya ƙona ta. Daidai nan ladan ya ɗaga murya.

Bahijja ta san ƙa'ida. Tun tana ƙarama uwarta ta koya mata ba a zubar da abu mai zafi a ƙasa sai da bisimilla, balle da magariba. Amma warin gam ɗin ya shaƙe ta. Ta cusa hanci cikin mayafi, ta riƙe numfashi, ta ruga gindin dutsen. Wanda ya riƙe numfashi kuwa ba ya furta komai. Ta ga wani rami, faɗinsa bai fi dunƙulen hannu ba, ta juye gam ɗin a ciki.

Ramin ya shanye. Daga can ƙasa wani siririn sauti ya taso, kamar kukan ɗan akuya sabon haihuwa, ya yanke. Kajin da ke hawa kwana suka yi tsit gaba ɗaya. Bahijja ta tsaya da kofin a hannu, sannan ta koma ciki ba ta gaya wa kowa ba.

Washegari da faɗuwar rana dutsen farko ya sauka a kan kwanon ɗakinta. Na biyu ya biyo, na uku ya fasa randa. Jalalu ya ce yaran unguwa ne, ya fita lungu da bulala, ya tarar babu ko kare. Yana tsaye a waje ya ga jifan na tashi daga cikin gidansa, daga wajen dutse. Haka abin ya zama kullum. Da rana gida lafiya lau, da zarar inuwa ta haɗe sai ruwan duwatsu, sai kuma wannan kukan daga gindin dutse, yana ƙara rauni kowace rana. Warin gam ya shiga tuwo, ya shiga ruwan sha, ya shiga har kayan da ke ninke a akwati. Maƙwabta suka daina aiko yara.

Bahijja ta fara da ƙaiƙayi a hannun dama. Uban ya ce zaren gilashi ne, kowa ya taɓa sai ya yi susa. Sannan yatsunta suka ƙage, suka sandare a lanƙwashe kamar har yanzu tana riƙe da kofi. Aka je asibiti, aka yi hoto, aka ɗebi jini, likita ya ce bai ga komai ba. Taurin ya haura gwiwar hannu, ya kai kafaɗa, fatar wurin kuma zafi rau. Da magariba takan miƙe idonta a buɗe amma ba ta ganin kowa, ta je gindin dutse ta yi ta tono da hannun hagu har farcenta ya yi jini. Abin takaici, duk wannan bai hana Alhaji Jalalu ɓamɓaro ƙofarsa daga mazubi ya goge ya ɗaura wa motar ba. Ya ce aiki ne ke rage masa tunani. Tasalla ta dube shi, ta aika garin Gwiwa a ɗauko mata Malam Ɗayyabu.

Malam Ɗayyabu tsoho ne siriri, abokin karatun mahaifinta, wanda ya tashi a ruga kafin ilimi ya zaunar da shi. Ya iso bayan azahar a bayan babur. Ya zaga gidan a hankali, ya daɗe tsaye gaban dutsen, ya kuma daɗe gaban motar. Ya ƙi cin abinci. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka kwantar da yarinyar, wadda a lokacin wuyanta ma ba ya juyawa, ya ce a jira mai ƙara ta zo.

Bayan an idar da sallar magariba ya zauna wajen kanta ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa. Jifa ya sauka sau ɗaya ya tsaya. Iska ta ɗauke. Can sai bakin Bahijja ya buɗe, wata murya ta fito wadda ba tata ba, muryar mace babba da kuka ya dusar.

"Ka daina ƙona ni, Malam. Ba ni na fara ba."

Ya tambaye ta ko wace ce, da abin da ya kawo ta jikin baiwar Allah. Ta ƙi faɗin suna. Ta ce ita maƙwabciyar gidan ce tun kafin a kafa tubalinsa, a gindin dutsen take, ba ta taɓa tsinke musu ko zare ba. Ta fita da yamma ta bar ɗanta yana barci, ta dawo ta tarar an kwarara masa wuta a ka, ba sallama, ba gargaɗi. Da an ambaci Allah da ya farka ya kauce. Kuma wutar ta daskare ta rufe ƙofa.

"Mun san hanyar dutse," in ji ta. "Mun san ta ƙasa da ta itace. Wannan abin ruwa ne da ya zama ƙashi, ba mu san hanyarsa ba. Ɗana yana ciki, ina jin sa, ba na iya kai gare shi. Yadda ya sandare haka tasu za ta sandare."

Tasalla ta rufe fuska tana kuka, don ita ma uwa ce, kuma ta ji tausayin abin da take tsoro. Malam ya ce yarinya kuskure ta yi, ba ganganci ba, kuma yanzun nan za a buɗe ƙofar. Ya dubi Jalalu. Jalalu ya ɗauko guduma da cizal, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya shiga sassaƙe gefen ramin. Da ƙyar toshiyar ta zaro, doguwa, launin zuma, ta ɗauki siffar ramin. A ƙarshenta na ciki akwai shatin tafin hannu ƙarami, mai dogayen yatsu, inda wani ya tura tun gam ɗin na da ɗumi. Wata iska mai sanyi ta fito ta shafi ƙafarsa ta wuce.

Muryar ta yi wani irin nishi, ta daɗe tana rarrashi da yaren da ba wanda ya sani. Yaron yana da rai. Amma da Malam ya ce to ta fita, sai ta ce ba ta gama ba. Hannun ɗanta ya nakasa, gidanta ya ɓaci da warin da ba zai fita ba. Ta nemi a yanka mata baƙin bunsuru. Malam ya ce ba a zubar da jini don wanin Allah, ko gidan zai kife. Sai idanun Bahijja suka juya, su kaɗai, zuwa bayan ɗakuna.

"To a ba ni waccan. Da tana sanye da ƙarfe ba ma raɓar ta. Shi da hannunsa ya tuɓe mata shi, ya yi mata bango mai sauƙi. A kai mini ita daji, in tashi da ɗana, in bar muku 'yarku."

Malam Ɗayyabu ya juyo ga maigidan. Ya ce wannan ba yanka ba ne, ramuwa ce, wanda ya rushe ɗakin maƙwabci shi ke da gini. Ya ce zai iya ci gaba da karatu har ta fita dole, amma jikin yarinyar ne fagen, ga shi taurin ya kusa kai ƙirji. Shawara tana hannun mai mota.

Jalalu ya dubi motar. Sauran hasken yamma na kwance a kan sabon jikinta, sumul, ba ɗigon tsatsa. Ya ga mahaifinsa a bayan sitiyari, ya ga kansa yaro a kujerar baya. Shirun ya yi tsawo, tsawon da bai kamata ba. Da ya buɗe baki kuma, cewa ya yi:

"Malam, ba za ta karɓi wani abin ba? Akwai ɗaki a gonata."

Numfashin yarinyar ya fara sarƙewa. Tasalla, wadda tun aurensu Alhaji kawai take ce masa, ta ɗago kai ta kira shi da sunan da ba ta taɓa kiran sa da shi ba.

"Baban Bahijja."

Sai a nan ya dawo hayyacinsa. Ya durƙushe ya ce a ɗauka, ya bayar har abada. Malam ya sa aljanar ta yi alkawari da sunan Allah ba za ta dawo ba, ita da zuriyarta. Bahijja ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, zufa ta karyo mata. Can bayan ɗakuna suka ji an buɗe ƙofar mota an rufe, ba da ƙarar ƙarfe ba, da wata 'yar ƙara mara nauyi.

Da gari ya waye aka ɗaura wa motar igiya, bijimai biyu suka ja ta. Ta taka hanyar Roni kamar yadda ya rantse, sai dai ba kowa a bayan sitiyari. Aka ratse da ita cikin daji aka bar ta a gindin wani tsauni. Faiba ba ta tsatsa, don haka tana nan har yau, fes da ita, kuma makiyaya na kaɗa shanunsu nesa da wurin tun kafin rana ta yi ja.

Jifa ya tsaya, wari ya gushe. Bahijja ta warke, in ban da ƙaramin yatsanta na dama da ya ƙi miƙewa. Ba ta rage wa ubanta komai na ladabi ba, tana durƙusawa ta gaishe shi, ta kai masa ruwan alwala. Shi kuwa yana ta lallaɓa zuciyarsa da cewa wanda aljani ya hau ba ya sanin abin da aka yi a kansa. Ranar da za ta koma makaranta ta zo sallama, ya kasa daurewa, ya tambaye ta ko tana tuna wani abu na yammacin nan.

Ta daɗe tana kallon yatsan nata.

"Ban iya motsi ba, Baba, amma kunnena bai toshe ba. Na ji lokacin da Malam ya tambaye ka." Ta gyara mayafinta. "Na kuma ji tsawon lokacin da ka ɗauka."

Ta yi masa sai wata rana, ta ɗauki jakarta ta fita. Alhaji Jalalu ya zauna yana kallon filin da motar ta bari, har ladan ya kira azahar bai tashi ba.