Zuciyar Yaya Ƙasimu

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, akwai wata yarinya 'yar aji biyar a Wudil. Kai, yarinyar nan akwai mafarkin ido biyu! Idan an tashi daga makaranta, sai ta tsaya a kan gada tana kallon kogi. Kwale-kwale na wucewa a hankali. Balbelu na sauka a bakin ruwa. Ita kuwa hankalinta ya yi nisa, ya tafi wajen teku, wanda ko sau ɗaya ba ta taɓa gani ba.

Yayanta Ƙasimu ne ya cusa mata son teku. Direba ne, yana ɗaukar shanu daga kasuwar Wudil zuwa Legas. Duk dawowa sai ya ba ta labari.

"Ruwa ne iyakar ganinki," in ji shi. "Can nesa sama ta sauko ta haɗu da shi. Ki gama aji shida, zan kai ki."

Ƙasimu shi ne ɗan farin mahaifiyarsu, Inna. Kun dai san yadda iyayenmu suke jin kunyar ɗan fari. Inna ba ta faɗin sunansa. Ba ta zama hira da shi. Ko kallonsa ba ta cika yi ba. Amma tana sonsa kamar ranta, don haka yarinyar ce 'yar aikenta.

"Je ki ga ko yayanki ya ci abinci," haka Inna take cewa. "Ki duba min fuskarsa da kyau."

Abin da yarinyar ta dawo ta faɗa, shi ne kaɗai abin da Inna ta sani.

Wata Asabar da hantsi, yarinyar ta kai masa fura ɗakinsa. Ta same shi ya zuba wani farin gari a kan ɗan madubi, yana shaƙa da hanci.

"Yaya, garin mene ne wannan?"

Ƙasimu ya zabura. Sai kuma ya yi dariya.

"Ke, 'yar sa ido! Maganin gajiya ne. Wani abokina ya ba ni, yana hana ni gyangyaɗi a hanya. Kada ki gaya wa Inna, hankalinta zai tashi. In kin faɗa, babu ke babu teku."

Yarinyar ta koma cikin gida. Inna tana tankaɗe.

"Ya kika same shi?"

"Lafiyarsa ƙalau, Inna."

Wayyo! Ƙaryar farko ke nan, kuma ba ita ce ta ƙarshe ba.

Watanni suka wuce. Ƙasimu ya fara rama. Idan ya ɗauki bokitin ruwa, sai ya tsaya yana haki. Wani lokaci yakan dafe ƙirji, gumi na zubo masa ko da babu zafi. Yarinyar tana ganin duk wannan. Ranta ba ya mata daɗi. Amma da ta rufe ido sai ta ga shuɗin ruwa yana ƙyalli, ta ga kanta tana gudu a kan yashi babu takalmi. Sai ta je ta ce da Inna, "Lafiyarsa ƙalau."

Ranar wata Juma'a, ana loda shanu a kasuwa, Ƙasimu ya yanke jiki ya faɗi. Abokan aikinsa suka ɗauke shi sai asibiti. Wani ya sheƙo gida da gudu ya faɗa.

Inna ta figi mayafi, yarinyar na biye da ita. Da suka shiga, Ƙasimu na kwance, leɓensa ya bushe, numfashinsa sama-sama. Nan kunya ta ƙare.

"Ƙasimu!" Inna ta kira shi. "Ƙasimu, buɗe ido ka dube ni!"

Tun da aka haifi yarinyar ba ta taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba.

Likitar da ke duba shi, sunanta Godiya, ta juyo.

"Mama, zuciyarsa ce ke wahala. Ina so in sani, yana shan wani abu? Ƙwaya, ko wani gari? Ku gaya mini gaskiya. Akwai maganin da in na ba shi ban sani ba, zai iya ƙara masa ciwo."

"Ba ya shan komai, likita," in ji Inna. "Kullum ina aika ƙanwarsa ta duba min shi. Lafiyarsa ƙalau."

Likita ta ɗauki biro za ta rubuta.

Yarinyar ta dubi yayanta. Ta dubi Inna, wadda take maimaita ƙaryar da ita ta koya mata. Sai ta fashe da kuka.

"Likita, tsaya! Yana shaƙar wani farin gari. Na gani da idona. Ya ce maganin gajiya ne."

Likita Godiya ta ajiye biron.

"Kin kyauta da kika faɗa. Yanzu na san abin da zan yi." Ta kira ma'aikata, aka fitar da Inna da yarinyar waje.

Suka zauna a kan benci. Inna ba ta dake ta ba, ba ta kuma zage ta ba. Cewa kawai ta yi, "Ke ce idona a wurinsa. Me ya sa kika rufe min ido?"

"Ki yafe min, Inna. Teku nake son gani."

Bayan la'asar likita ta fito ta ce ya farfaɗo. Ta zauna kusa da yarinyar.

"Dunƙule hannunki," ta ce. "Buɗe. Sake dunƙulewa. Haka zuciya take aiki, domin ita ma tsoka ce. Garin nan shi ne hodar iblis. Yana tilasta wa zuciya gudu fiye da ƙarfinta. Kuma yana matse jijiyoyin da ke kai mata jini. Ga aiki ya ƙaru, ga abinci ya ragu. A hankali sai tsokar ta raunana."

Hannun yarinyar ya gaji, ta tsaya.

"Kin gani? Ke kin huta. Zuciya ba ta da damar hutawa."

Ƙasimu ya yi mako biyu a asibiti. Barin hodar bai zo masa da sauƙi ba. Wasu ranakun yakan yi ta fushi, wasu ranakun ya yi ta kuka. Likita ta haɗa shi da masu taimaka wa irinsa, 'yan gida kuma suka tsaya masa. Ya bar tuƙin doguwar hanya, ya buɗe ɗan shagon facin taya a bakin titi.

Bayan wata shida, yarinyar ta raka shi ganin likita. Likita Godiya ta saurari ƙirjinsa, ta yi murmushi.

"Ba ta koma kamar da ba, amma ta yi ƙarfi sosai. Zo ki ji da kanki."

Ta sa mata abin sauraro a kunne. Yarinyar ta kasa kunne. Can sai ta ji: dum-dum, dum-dum, a natse.

"Yaya, tana magana!"

"Me take cewa?"

"Cewa take kada ka sake."

Ƙasimu ya yi dariya, hawaye na gangaro masa. "Ba zan sake ba. Kuma ki yafe min da na sa ki ɓoye. Da kin yi shiru a ranar nan, da yanzu ba na nan."

Yara, hodar iblis ba maganin gajiya ba ce, guba ce mai lalata zuciya. Idan kuka ga wani naku yana shan abin da zai cuce shi, kada ku rufa masa asiri. Ku gaya wa manya tun da wuri, ko da zai yi fushi da ku.