Hoton Fadamar Ambursa

La'asar ta ɗan gota, ruwan sama ya ɗauke ke nan, rana ta leƙo ta ƙarƙashin hadari ta zuba wani jan haske a kan ruwan Matan Fada. Irin hasken da Munzali yake so ke nan. Da aiki ya kawo shi Argungu, da tuni ya tsayar da ango da amarya a bakin ruwa, jiragen masunta a bayansu, yana cewa su ɗan kalli juna.

Sana'arsa ke nan, hoton masu shirin aure. Babu lungu mai kyau tsakanin Birnin Kebbi da Argungu da bai taka ba, tun daga duwatsun Dukku har bakin gulbi. Amma yau kyamarar na rataye a wuyansa, ko murfinta bai cire ba. Jannatu yake jira.

Daga nesa ya hango ta tana tsallake ruwan da ya kwanta a hanya. Ya miƙe daga kan wani kifaffen jirgi yana murmushi.

"Jannatuna! Kin ga hasken ga kuwa? Tsaya nan inda kike, kada ki motsa..."

"Munzali, aje abin ga."

Ya sauke kyamarar a hankali.

"Lahiya dai?"

Ba ta dube shi ba. Ruwa take kallo.

"Mutanenku sun zo gidanmu ran Juma'a."

"Sun zo?" Ya dafe ƙirji. "Alhamdulillahi! Yaya Mujtaba ya cika alkawari ke nan! Amma ba wanda ya hwaɗa min, wallahi ko Inna ba ta..."

"Ba kai sunka nema ma ba."

Can tsallake wani masunci yana buga gora yana kiran ɗan'uwansa.

"Ban gane ba."

"Mujtaba sunka nema ma aurena. Baba ya ba su."

Munzali ya yi 'yar dariya, don ya ɗauka cikin irin tsokanarta ce. Da ya ga ba ta taya shi ba, sai dariyar ta maƙale.

Shi maraya ne. Tun yana ƙarami mahaifinsa ya rasu, ƙanin mahaifin, Baba Ummaru, ya kwaso su shi da Innarsa ya ba su ɗaki a gidansa na Gwadangaji. A gidan nan kuwa yaro ba ya buɗe baki a gaban uba ya ce yana son aure, rashin kunya ne. Sai dai ya samu wani na gaba da shi ya kai maganar. Shi ya sa Munzali ya nufi Yaya Mujtaba, babban ɗan Baba Ummaru, ma'aikacin ofis mai gida a Gesse. Ya wanke hoton Jannatu mafi kyau ya ba shi ya nuna wa Baba. Mujtaba ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce a bar shi ya fara zuwa ya ga yarinyar da gidansu, don ya san abin da zai faɗa.

"Kuskure anka yi," in ji Munzali. "Wallahi kuskure na. Baba bai gane ba. Yanzu in koma gida a gyara."

"Babu kuskure."

"Ke an tambaye ki?"

"An tambaye ni."

"Mi kinka ce?"

Ta ja bakin mayafinta ta rufe rabin fuska.

"Na yi shiru."

Ya san abin da shirun budurwa yake nufi idan iyaye sun tambaye ta. Ya koma ya zauna kan kifaffen jirgin da ya tashi daga kai.

"Jannatu... ni hwa na turo shi. Ɗan aikena na."

"Awo, ɗan aikenka! Zuwan hwarko gaisuwarka ya kawo. Na biyu ma haka. Daga nan ya daina kiran sunanka, kai kuwa ba ka taɓa tambaya ba."

"Yayana na! Mi zan tambaya?"

"Shekara nawa kana ɗaukar hoton auren mutane, Munzali? Ƙawayena duka kai ka ɗauke su. Ni kullum sai a yi haƙuri, sai damina ta wuce, sai an yanke shinkahwa. Shi da ƙahwarshi ya shiga wurin Babana."

"Da kin hwaɗa min..."

"Ga shi na hwaɗa."

Hawaye ne a idonta, amma muryarta ba ta rawa. Ta juya ta kama hanya. Ya kira sunanta sau ɗaya, ba ta waiwayo ba.

Washegari da sassafe ya tuƙa babur ɗinsa zuwa Gesse. Ya tarar da Mujtaba yana goge gilashin mota, zai tafi aiki.

"A'a, mai hoto! Ka yi sammako."

"Yaya, ina hotona?"

Mujtaba ya ci gaba da gugar gilashi.

"Ka je Argungu ke nan."

"Amana na ba ka, Yaya!"

"Rage murya, akwai maƙwabta." Ya yar da tsumman a kan mota. "Ka saurare ni. Na tahi don kai, Allah shina gani. Amma zuciya ba a yi mata dole. Kuma ka duba gaskiya, ina za ka aje ta? Ɗakin Inna?"

"Wanga tsakanina da ita na."

"To ita ta zaɓa. Na tilasta ta?"

Nan ne wurin da ya fi yi wa Munzali ciwo.

"Zan hwaɗa ma Baba," ya ce.

"Tahi ka hwaɗa," in ji Mujtaba yana buɗe mota. "In ka iya."

Da ya koma Gwadangaji, Innarsa Laure tana tsince shinkafa a faifai. Kallo ɗaya ta yi masa ta ajiye faifan.

"Ka ji ke nan."

"Inna, kin sani?"

"Ran da sunka dawo na ji sunan yarinyar, na gane ita ta. Na kasa hwaɗa maka."

Ya durƙusa a gabanta, hawayen da ya riƙe tun jiya suka zubo.

"Inna, bari in shiga wurin Baba. Sau ɗaya dai a rayuwata in buɗe baki."

"Ka ce mishi mi? Ɗanshi maci amana na? Mutumin da ya riƙe ka tun ba ka san kanka ba?" Ta dafa kansa. "An kai goro, Munzali, dangi duka sun ji. In ka yi magana gidan ga ya rabu biyu. Kuma ko an hwasa, yarinyar da ta yi shiru kake son a ba ka?"

Ya share fuska, ya miƙe ya nufi zauren Baba Ummaru duk da haka.

Tsohon na zaune kan buzu da carbi a hannu. Yana ganinsa ya washe baki.

"Yawwa, ɗan albarka! Kai nike nema. Zamna."

Munzali ya tsuguna daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Yayanka ya hwaɗa min komi," in ji Baba. "Ya ce kai ka gano mishi yarinyar ga wurin aikinka, ka ga hankalinta ka kawo mishi hoto. Haka ake son 'yan'uwa. Da ubanka na raye da ya yi alhwahari da kai."

Maganar da Munzali ya shirya tana nan a bakinsa. Ya ɗago ya ga idon tsohon ya ciko da ƙwalla saboda ambaton ɗan'uwansa. Sai ya sake sunkuyar da kai.

"Akwai magana ne?"

"Babu, Baba."

"To madalla. Hoton ga da kuke yi kahin biki, kai za ka yi musu. Ba a kiran bare muna da kai. Allah ya ba ka taka ta gari."

"Amin, Baba."

Ranar hoton, Mujtaba ya ce ba ya son bakin gulbi, ba ya son Dukku, kowa can yake zuwa. Wurin da ke cikin hoton nan na Jannatu da Munzali ya ba shi yake so.

Wani tudu ne a tsakiyar fadamar Ambursa, giginya biyu a kansa, shinkafa kore shar ta kewaye shi har iyakar gani. A nan Munzali ya fara ganin Jannatu, ranar da ta rako wata ƙawarta amarya. Ta hau tudun tana gudun taɓo, iska ta ɗaga mayafinta, shi kuma ya danna ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Tun daga ranar bai sake kai kowa wurin ba. Ya ce mata sai ranar nasu.

Yana gaba a babur, motar Mujtaba na biye, har inda hanya ta ƙare. Suka taka kan kunyar gona zuwa tudun. Jannatu ta sha leshi ruwan hoda, hannunta ya sha lalle.

"Yaya, matsa dama kaɗan. Yawwa."

Ya ɗaga kyamara. Ta cikin gilashi ya ga fuskarta kusa ƙwarai, kamar zai taɓa.

"Amarya, a ɗaga kai."

Ba ta ɗaga ba.

"Ke, ana magana," in ji Mujtaba yana dariya. "Kunyar ƙanin miji kike ji tun yanzu?"

Ta ɗago. Idonta ya faɗa cikin kyamarar, ya tsaya. Munzali ya danna, hoton farko ya lalace. Ya ja numfashi ya sake.

"A kalli juna... a yi murmushi."

Ta juya ta kalli Mujtaba ta yi murmushi. Abin da ya ƙarasa karya Munzali shi ne murmushin ba na dole ba ne. Ya san na dole, ya ɗauki irinsa da yawa. Wannan irin wanda take yi masa ne a da.

Wayar Mujtaba ta yi ƙara, ya sauka daga tudun yana amsawa. Suka rage su biyu, sai kukan tsuntsaye a cikin shinkafa.

"Ka yahe min," ta ce a hankali.

Yana duba hotunan a bayan kyamara, bai ɗago ba.

"Kina son shi?"

Ta dube shi.

"Ina son shi."

Ya gyaɗa kai.

"To shi ke nan. Gyara ɗankwalinki, ya zame ta hagu... Anti."

Da ta ji sunan da ya kira ta da shi, sai ta juya baya tana goge ido da bakin mayafi. Shi ma ya juya nasa bayan, ya yi kamar yana auna rana.

Suka gama dab da magariba. Mujtaba ya karɓi kyamarar ya duba, ya ce sun yi kyau, a wanke manya guda biyu na bango. Suka shiga mota.

Da ya zo juyawa, tayar baya ta zame daga kan hanya ta nutse cikin taɓo. Ya taka mai, motar ta yi gurnani ba ta motsa ba. Ya sake takawa, ta ƙara nutsewa.

Munzali yana kan babur, har ya tayar. Ya tsaya yana kallonsu. Sannan ya kashe, ya rataye kyamarar a hannun babur, ya naɗe ƙafar wando ya shiga taɓon. Ya kafa kafaɗa a bayan motar.

"Taka a hankali, Yaya!"

Tayar ta juya ta watsa masa taɓo tun daga ƙirji har fuska. Ya ƙara dannawa da duk ƙarfinsa. Motar ta yi tsalle ta hau hanya, ba ta tsaya ba. Ya bi ta da kallo tana tafiya tsakanin gonaki har ta hau kwalta ta miƙe.

Ya tsuguna a bakin kunyar gona, ya ɗebi ruwan shinkafa da tafin hannu yana wanke fuska. Ya daɗe yana wankewa.