Saurayin Da Ya Aske Mana Gangare

Ranar da Sumire ta fara ganin Naoto, saura kaɗan ubanta ya fasa masa kai da murfin tukunya.

Ƙanƙara ta narke ke nan, mun hau gangaren bayan gida kamar kowace shekara, kowa da kwando a baya da ƙararrawa a ƙugu don korar beyar, wata babbar dabbar daji mai haɗari. Ni ce gwaggonta, ƙanwar ubanta Genzo. Sai muka ji motsi a cikin ciyayi. Genzo ya zaci beyar ne, ya fizgi murfin tukunya yana bugawa yana ihu, Sumire kuwa ta ɓuya a bayana, ni da ko kafaɗarta ban kai ba.

Sai ga saurayi ya ɓullo, farin takalminsa duk laka.

"Ku yi haƙuri, hanyar tasha nake nema," in ji shi, yana ta rusunawa. "Ni ne sabon direban motar ƙauye."

"Direba ne ya ɓata?" in ji Genzo. "To mun shiga uku!"

Sumire ta tuntsire da dariya har ƙararrawarta na kaɗawa. Shi kuwa ya tsaya yana kallonta baki buɗe. Na ce a raina, shi ke nan, an jawo mana aiki.

Haka kuwa aka yi. Yarinyar da keke ke kai ta wurin aiki, sai ga ta kullum a kujerar bayan direba. Na san abin da suke rubuta wa juna, don a teburin kicin take yar da wayarta, ni kuma idona lafiya lau.

"'Yar dutsena, yau na wuce tasha biyu ina tunaninki. Tsofaffi sun yi mini ca."

"Beyar ɗina, ka dubi hanya don Allah. Gobe zan zo maka da ƙunshin shinkafa."

Damina ta wuce, kaka ta zo, ganye ya yi ja, muka fita yawon kallo har da shi, shi ya ɗauki tabarma. Genzo bai kore shi ba, wanda a wajen yayana wannan babban yabo ne.

Da ƙanƙara ta sake narkewa, Naoto ya ƙudurta zuwa neman aure, ya ce kuma ba zai zo hannu biyu ba. Ya ji Genzo ba ya son komai kamar soyayyen tohon wata bishiya mai ƙaya da muke kira tara. Kowane yaro a ƙauyenmu ya san na saman nan na farko ake tsinka, a bar na biyu, in ba haka ba bishiyar mutuwa take yi. Shi ɗan birni wa ya faɗa masa? Tambaya ce dai bai yi ba. Da sassafe ya hau gangarenmu, ya tsinke na farko, ya tsinke na biyu, wanda hannunsa bai kai ba ya sa zarto.

Bishiyoyin nan kuwa marigayiya uwar Sumire ce ta dasa su da hannunta.

Ya zo cikin kwat, hannu duk tsagar ƙaya, ya dire kwando cike fal yana murmushi.

"Baba, ban bar ko ɗaya ba."

Kai, jama'a! Da ma ƙasa ta tsage na shige. Genzo ya kalli kwandon.

"Ka kwashe mini bishiyoyi, yanzu ka zo kwashe 'ya," in ji shi. "Tashi ka ba ni wuri."

Kafin azahar labari ya zaga ƙauye, albarkacin Tetsuo, ɗan maƙwabcinmu mai taraktan nan, wanda tun suna firamare yake bin Sumire. Tsofaffin mata suka daina gaida Naoto a mota. Tetsuo kuwa kullum yana gidanmu da kifi, har kifi ya fita raina.

Sumire ta yi kuka, don ita ma ya taɓa mata uwa. Duk da haka ta rubuta masa: "Na ji zafi ƙwarai, amma na san ba da gangan ba ne. Ka yi mini magana."

Amsar da shashashan ya bayar ita ce: "Ba ni da fuskar da zan dube ki yanzu. Ki ba ni lokaci."

Daga nan shiru. Sai Tetsuo ya zo yana wani sosa ƙeya, wai shi ba ya son gulma, amma kullum da safe yana ganin Naoto a gidan tsohuwa Kinu, mai jikar nan kyakkyawa da ta dawo daga birni. Sumire ta koma hawa keke, ta daina cin abinci, ta daina dariya. Uba na kumbura a ɗaki ɗaya, 'ya na kumbura a ɗaya, ni ina tsakiya da tukunya.

Da abin ya ishe ni, na ja hannunta har gidan Kinu. Muka tarar da shi tsugune a bayan gida, tsohuwa na tsaye a kansa da sanda.

"A kwance ake binne saiwar, wawa, ba a tsaye ba!"

Ashe dashen bishiyar tara yake koyo. Jikar ma ta koma birni tun tuni.

"Me ya hana ka faɗa mini?" in ji Sumire.

"So nake sai sun tsiro tukuna, 'yar dutsena."

"Da sai na mutu da baƙin ciki kafin su tsiro! Kai wane irin mutum ne?"

Tana faɗa tana share masa laka a kumatu. Na kau da kai, don ni ma idona ya ciko.

Ya dasa gangaren nan kaf, suka kama kuwa. Genzo ya hau ya gani da idonsa, ya sauko ya ce har yanzu a'a. A nan ne na ajiye kara na faɗa masa gaskiya.

"Yaya, ba bishiya ce ke damunka ba. Manyan 'ya'yanka biyu sun tafi birni, sai Sabuwar Shekara kake ganinsu. Tsoro kake wannan ma ta tafi, gidanmu na zuri'ar Onodera ya rufe."

Bai musa ba. Ya juya mini baya yana fyace hanci.

Ashe mutumin naku Naoto yana tsaye a bakin ƙofa da takalminsa a hannu. Ya shigo ya durƙusa, goshinsa har tabarma.

"Baba, ba ɗauke ta na zo yi ba. Na yi magana da iyayena, akwai yayana da zai riƙe gidanmu. In kun yarda, ni zan shigo nan, in ɗauki sunan Onodera, in zauna."

Sumire ta toshe baki da hannu biyu.

"Ka bar sunan ubanka saboda mu?" in ji Genzo.

"Saboda ita, Baba. Da kuma ɓarnar da na yi muku."

Genzo ya share ido da bayan hannu, ya ce hayaƙin murhu ne, alhali ko wuta ban hura ba.

"To ka ɗago mana," in ji shi. "Ɗan gida ba ya durƙuso haka. Kuma kada in sake ganinka da zarto."

An ɗaura auren bayan girbin shinkafa, a ƙaramin wurin ibadar da ke bakin daji. Tsofaffin matan nan masu shiga motarsa suka cika wurin, kowace na rantsuwa ita tun farko ta san yaron kirki ne. Tetsuo ma ya zo, da kifi.

Da aka kira sunan ango, aka ce Onodera Naoto, yayana ya fashe da kuka a gaban kowa kamar yaron goye, har sai da amarya ta baro wurinta ta zo ta riƙe shi. Ni na gaji da su duka, amma ina sonsu. Allah ya ba su zaman lafiya, ya cika mana gidan nan da ƙananan takalma a bakin ƙofa.