Warin Kwalta a Hannun Ansel

A harabar coci suka haɗu, wajen suyar kifi. Ansel ya miƙa wa Delphine faranti, ta yamutsa hanci.

"Kwalta kake zubawa a titi ne?"

"Mariƙin keken yara muke yi, ni da Baba. Ki saba da warin, don na zo kenan."

Ta kuwa saba, har aka sa ranar aure.

Aikin Delphine gwajin kayan roba ne, tana neman sinadaran da ke jawo ciwon daji. Kayan ba sa zuwa da suna, lamba kawai, don kada a yi son kai. Amma hanci bai san lamba ba. Ana gab da biki ta buɗe wata leda, warin hannun Ansel ya buge ta.

Na'ura ta nuna guba ta wuce kima. Ta wanke kwalabe ta sake, tana roƙon Allah ya sa dattin nata ne. Sakamakon bai canza ba. Tana kuka ta sa hannu.

Da takardar sakamakon ta isa masana'anta, Mista Guidry, mahaifin Ansel, ya buga tebur.

"Yarinyar da za ta rufe min masana'anta? Ba dai a gidana ba!"

Delphine ta tura wa Ansel saƙo: "Zumana, wallahi ban iya ƙarya a kan yara ba. Ka yi min magana, ko zagi ne."

Shiru. Abinci ya gagare ta. Ta sake turawa: "Idan ka fasa, ka faɗa min da bakinka. Numfashi nema yake ya gagare ni."

Ashe Ansel gidan yayarsa ya nufa. Ya ciro mariƙin keken ƙaramar 'yarta, ya kai ya ajiye gaban mahaifinsa. Duk jikin robar shatin haƙora ne.

"Baba, jikarka ce ke tauna wannan."

Tsohon ya juya robar a hannu. Shi da kansa ya kira Delphine.

"'Yata, wace roba zan saya? Ke za ki gwada min."

Ranar biki aka ci miyar kuɓewa da jatan lande, tsoho na ta sa albarka. Delphine ta kai hannun angon hancinta, ta ji ƙamshin sabulu kawai.

"Wai ina mijina?" ta ce, tana dariya da hawaye.

Allah ya bar su tare.